Shin da gaske 'yan Birtaniya ragwaye ne, baƙi ke yi musu aiki?

Tambaya: Ana yawan cewa 'yan Birtaniya ba sa son aikin wahala, baƙi ne ke tsinke musu amfanin gona, su kula musu da tsofaffi, su tuƙa musu manyan motoci. In haka ne, me ya sa kuma suke ta ƙorafi a kan baƙin? Kuma wanda zai je aiki can, wane irin kallo za a yi masa?

Amsa: Malam, wannan zance ba baƙi suka ƙirƙire shi ba, manyan ƙasar ne da kansu suka fi yayata shi. A 2012 wasu 'yan majalisa biyar na jam'iyyar Conservative suka fitar da littafi mai suna Britannia Unchained, a ciki suka ce ma'aikacin Birtaniya yana sahun gaba cikin malalatan duniya. Ba ƙananan mutane ba ne kuwa. Liz Truss ta zo ta zama firaminista, Kwasi Kwarteng ya riƙe ma'aikatar kuɗi, Priti Patel ta cikin gida, Dominic Raab ta harkokin waje. Ka je wurin mai gonar 'ya'yan itace a yankin Kent ko mai masana'antar yanka kaji a yankin Norfolk, duk a Ingila, shi ma abin da zai faɗa maka ke nan: ɗan gari ya zo Litinin, kafin Laraba ya gudu. To amma a dubi masu maganar. Mai ɗaukar ma'aikata ne da ɗan siyasa, kowannensu kuwa yana da abin da yake karewa.

In aka koma kan alƙaluma, zancen ba ya tsayawa da ƙafarsa. Cikin 'yan shekara 16 zuwa 64, kusan uku cikin huɗu suna aiki. Mai cikakken aiki yana yin awa 36 zuwa 37 a mako. A shekara ma'aikacin Birtaniya yana yin wajen awa 1,500, Bajamushe bai kai 1,400 ba, amma ba a taɓa kiran Jamusawa ragwaye ba. Inda Birtaniya ta gaza shi ne yawan abin da awa ɗaya ta aiki ke samarwa, a nan Amurka da Jamus da Faransa duk sun sha gabanta. Wannan kuwa ba ƙarancin gumi ba ne. Ƙasar ta daɗe tana bayan takwarorinta wajen zuba jari a injuna da horar da ma'aikata. Mai tarakta da mai garmar hannu in sun wuni a gona, ba a auna ƙwazonsu da yawan kunyar da kowa ya tayar.

Asalin maganar shi ne, aikin ɗaya ne amma cinikin biyu ne. Bahaushe ya fi kowa gane wannan, tunda mu ke da kalmar ci-rani. Saurayin da a ƙauyensu sai an yi da gaske yake fita gona, in ya sauka Legas ko Fatakwal zai tura baro ko ya yi dako tun asuba har isha, ya kwana cikin mutum goma, ya sha gari da ƙuli, ba don halinsa ya canza a mota ba. Ya san wata huɗu zai yi. Ya san abin da ya tara zai sayi taki ko ya rufa ɗaki a gida. Kuma babu wanda ya san shi a wurin balle ya ji kunya. Ɗan garin da ke kallonsa ba zai iya wannan rayuwa ba, don shi nan ne gidansa, ga haya ga yara, ba shi da wata ƙasa da zai kai kuɗin su kumbura.

Bari mu yi lissafin da fam. A Afrilun 2025 mafi ƙarancin albashi ga wanda ya kai shekara 21 ya koma fam 12.21 a awa. Awa 40 ke nan fam 488 a mako. Fam 242 na farko babu haraji a kansu. Abin da ya haura ana cire kashi 20 cikin ɗari na haraji da kashi 8 na inshorar ƙasa, wato wajen fam 69, sai a bar mutum da kusan fam 419. Yanzu ɗauki ɗan ƙasa marar aiki, ba shi da yara, yana karɓar tallafin da ake kira Universal Credit har da kuɗin haya a ciki. Ƙa'idar tallafin ita ce duk fam ɗaya da ya samu a wurin aiki za a zabge masa kwabo 55. A fam 419 za a zabge wajen fam 230, in tallafin nasa ya kai haka. Ƙarin da ya shiga aljihunsa bayan awa 40 a sunkuye bai wuce fam 189 ba, ƙasa da fam biyar a kowace awa. Gonakin kuma ba a cikin gari suke ba, babu bas da ke zuwa can da ƙarfe biyar na asuba. Ko dai yana da mota, ko ya tare a ɗakunan tafi-da-gidanka da mai gona ke jerawa a gefen gona, waɗanda a 2025 doka ta yarda a cire masa fam 10.66 a kowace rana dominsu, kusan fam 75 a mako. Saura fam 114. Ɗakinsa na gari yana nan ana bin sa haya, in ya sake shi samun wani sai an sha wuya. Aikin kuma zuwa Oktoba ya ƙare.

Ɗauki ɗan Kirgistan ko Tajikistan da ya zo da bizar aikin kaka. Fam 419 ɗin nan shi ma su zai karɓa, a cire 75 na ɗaki, a ce ya ci na 50. Yana iya ajiye wajen fam 290 a mako. In aiki ya yi kyau har mako 24, ya doshi fam dubu bakwai, ya cire kuɗin biza wajen fam 300 da na jirgi, abin da ya rage ya fi albashin shekara guda na ma'aikaci a ƙasarsu. Ba kowane mako ake samun awa 40 ba, abin da aka lamunce masa awa 32 ne, shi ya sa in aka ce akwai ƙarin aiki ranar Lahadi hannunsa ne farkon tashi. Mai gona ya ga wannan ya ce ƙwazo, ya ga wancan ya ce lalaci. Alhali kowannensu lissafinsa daidai ne.

Shi kansa aikin ya kamata a san yadda yake, don masu zagin matasan ƙasar yawancinsu ba su taɓa shiga gonar ba. Sitiroberi ana nomansa ne a cikin dogayen rumfunan leda, a Kent da Herefordshire da gabashin Scotland. Ana fara tsinka da sassafe saboda in rana ta ɗaga, cikin rumfar ya ɗauki zafi, 'ya'yan sun yi laushi, yatsa kaɗan zai bar musu tabo. Mai tsinka yana tura ɗan keke ɗauke da tire, a cikin tiren ƙananan robobin da za a ajiye a kanti yadda suke. Don haka tsinka da tantancewa lokaci ɗaya ake yinsu: a kama ta wajen kara ba ta jikin ɗan ba, a duba nuna, a raba manya da ƙanana, a yar da mai tabo, kowace roba ta cika nauyinta ba ƙari ba ragi. Kowane tire yana da lambar wanda ya cika shi, ana dubawa ana shigarwa a na'ura, mai lura yana ganin kilo nawa kowa ke yi a awa. Aikin kamar jinga yake, sai dai doka ta ce ko mutum bai tsinki na kuɗin awarsa ba dole a cike masa zuwa mafi ƙarancin albashi. A nan gizo ke saƙar. Sabon hannu a makonninsa na farko mai gona asara yake yi a kansa, wanda ya yi kaka huɗu ko biyar kuwa yana iya ninka shi. Mai gona ba shi da sararin haƙuri, domin manyan kantuna ƙalilan ne ke sayen kusan duk amfanin, su ke yanke farashi, kuɗin ma'aikata kuma shi ne babban kason abin da yake kashewa. Sai a yi wa mai jinkiri gargaɗi, gobe a ce ya koma ɗaki da rana tsaka, jibi ya tattara kayansa. Ɗan ƙasa yana da inda zai nufa. Baƙon kaka bizarsa ta wata shida ce, a aikin gona kaɗai, ƙarƙashin kamfanin da ya kawo shi, ba iyali, ba tallafin gwamnati, sau da yawa ga bashin da ya ci don ya zo. Shi ba ya tafiya.

Kuma babu wani zamani da mazauna wurin su kaɗai suka ishi kakar Ingila. A ƙarni na 19 'yan Ireland ne ke tsallakowa girbi. Har zuwa shekarun 1950 talakawan gabashin Landan ne ke kwasar iyalansu su tafi Kent tsinkar furen da ake sa wa giya, su ɗauke shi a matsayin hutun shekara. Tun 1945 aka kafa tsarin kawo baƙin kaka, aka rufe shi a ƙarshen 2013 don 'yan Romaniya da Bulgeriya sun samu damar shigowa ba biza. Da aka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai dole aka sake buɗe wani: biza 2,500 a 2019, 30,000 a 2021, 45,000 a 2023. A lokacin korona, a 2020, an gwada kiran 'yan ƙasa da gangamin da aka sa wa suna Pick for Britain, har Yarima Charles na wancan lokaci ya fito a bidiyo yana roƙo. Dubban mutane suka nuna sha'awa, amma da suka ji nisan wurin da zaman ɗakin haɗaka da tsawon kwantiragi, kaɗan suka ƙarasa gona. A Afrilun shekarar ne aka yi shatar jirgi daga Romaniya aka kawo ƙwararrun masu tsinka. Shekara na zagayowa aka yi watsi da gangamin.

Akwai wani bincike da ya fi kowanne warware wannan gardama. Wasu malaman jami'a, ciki har da na Jami'ar Bath, sun bi bayanan fashin aiki na 'yan gabashin Turai da suka shigo bayan 2004. Sun tarar a farkon zuwansu ba sa fashi ko kusa da yadda 'yan ƙasa ke yi. Amma cikin shekara biyu zuwa huɗu sai bambancin ya ɓace. Da mutum ya iya Turanci, ya san haƙƙinsa, takardunsa suka fara yi masa amfani, ya daina buƙatar nuna kansa ta hanyar zuwa aiki da zazzaɓi. 'Yan Poland da aka yi ta yabo a 2005 ba su dawwama a gona ba, sun koma gini da tuƙi da ofis, sai manoma suka koma yabon 'yan Romaniya, daga nan 'yan Yukiren, yanzu kuma 'yan tsakiyar Asiya. Wanda ake yabo kullum shi ne wanda ya zo jiya kuma ba shi da zaɓi. A haɗa da cewa wanda ya iya barin ƙasarsu ya ƙetare teku dama zaɓaɓɓe ne, matashi mai lafiya mai zuciyar nema. Ana gwada shi ne da wanda ya rage a layin neman aiki a garin da masana'antunsa suka mutu, ba da tsakatsakin ɗan ƙasa ba.

Duk da haka biri ya yi kama da mutum, kada a ce babu komai a ɗaya ɓangaren. A wani binciken ra'ayi na ƙasashe 24 da jami'ar King's College ta Landan ta fitar a 2023, 'yan Birtaniya ne suka zo na ƙarshe wajen cewa aiki yana da muhimmanci a rayuwarsu, kashi 73 cikin ɗari. Mutanen da suka bar neman aiki saboda doguwar rashin lafiya sun kai wajen miliyan 2.8 bayan korona, matasa 'yan 16 zuwa 24 da ba sa aiki ba sa karatu kuma sun doshi miliyan ɗaya. Waɗannan matsaloli ne na gaske. Akwai kuma raina aikin hannu, wanda tsarin makarantunsu ya daɗe yana shukawa, kowa jami'a kowa jami'a, koyon sana'a ya zama na wanda bai ci jarrabawa ba. A ganina dai rashin ɗaukar aiki a matsayin ginshiƙin rayuwa ba lalaci ba ne, alama ce ta ƙasar da mutum ba ya mutuwa da yunwa in ya ƙi aikin da bai yi masa ba. Ko wannan abin yabo ne ko na zargi, ya danganta da kujerar da mutum ke zaune a kai.

Labarin direbobin manyan motoci ya nuna yadda kuɗi ke sauya abin da ake kira hali. A 2021 ƙungiyar masu sufurin kaya ta ce ana neman direba kusan 100,000. Dalilan sun taru ne: 'yan Turai sun koma gida, korona ta dakatar da jarrabawar lasisi, an canza dokar harajin masu aikin kwantiragi, tsofaffin direbobi na ritaya, matasa kuma ba sa shiga sana'ar da lasisinta ke cin dubban fam, a ƙarshe mutum ya kwana a gefen titi babu banɗaki mai kyau. A Satumba gidajen mai suka ƙafe, a Oktoba sojoji suka hau tuƙa tankokin dakon mai. Gwamnati ta buɗe biza 5,000 ta ɗan lokaci, waɗanda suka nema ba su taka kara sun karya ba. Abin da ya sassauta matsalar shi ne kamfanoni sun ƙara albashi sosai, gwamnati ta ɗauki nauyin horo, aka ƙara guraben jarrabawa. Sai ga 'yan ƙasar da aka ce ba sa son aikin suna shiga.

A fannin kula da tsofaffi wannan hanya ba ta buɗe ba, kuma nan ne zancen ya shafi mutanenmu kai tsaye. Yawancin kuɗin aikin daga ƙananan hukumomi yake fitowa, su kuwa aljihunsu a matse yake, don haka kamfani ba shi da inda zai samo ƙarin albashi. Mai bi gida-gida za a ba ta ziyarar minti 30 a nan, 45 a can. Cikin wannan lokaci za ta tashi tsoho, ta yi masa wanka, ta canza masa ƙunzugu, ta ba shi magani da abinci, ta rubuta rahoto, ta kama hanyar gida na gaba. Wasu kamfanoni mintocin cikin gida kaɗai suke biya, sai mutum ya fita bakwai na safe ya dawo goma na dare a rubuta masa awa bakwai ko takwas. 'Yar ƙasa ta duba ta ga babban kanti zai biya ta daidai da haka ko fiye don jera kaya, ba ɗaga mutum, ba fargabar wani ya mutu a hannunta. Guraben da babu kowa suka kai wajen 165,000 a Ingila a 2022. A Fabrairun shekarar aka sa wannan aiki cikin waɗanda za a iya ɗauko wa mutane daga waje, sai 'yan Indiya da Najeriya da Zimbabuwe da Ghana suka yi ta kwarara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: dillalai suka riƙa sayar da takardar ɗaukar nauyi a kan fam dubu goma ko fiye, takardar da kuɗinta a hukumance 'yan ɗaruruwa ne kuma kamfani ne ya kamata ya biya. Wasu suka sauka suka tarar babu aikin sam. Daga Yulin 2022 zuwa Disamban 2024 ma'aikatar cikin gida ta soke lasisin kamfanoni fiye da 470, abin da ya shafi ma'aikata sama da 39,000.

Sai ɓangare na biyu na tambayarka, dalilin ƙorafi. Tarihin ƙasar kira ne da kora, kira da kora. A Yunin 1948 jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke mutanen yankin Karibiyan a tashar Tilbury kusa da Landan, makonni biyu kafin a kafa hukumar lafiya ta NHS, wadda har yau kusan ɗaya cikin biyar na ma'aikatanta a Ingila ba 'yan ƙasa ba ne. A 1962 aka fara toshe ƙofar. A 2018 ta bayyana cewa an hana wasu daga cikin 'ya'yan wancan ayari aiki da magani, har an tasa ƙeyar wasu, bayan sun shekara hamsin a ƙasar, abin da ya ci kujerar ministar cikin gida Amber Rudd. A Mayun 2004, da ƙasashen gabashin Turai takwas suka shiga Tarayyar, Birtaniya da Ireland da Suwidin ne kaɗai suka buɗe musu kasuwar aiki nan take. Hasashen da aka yi wa gwamnati mutum 5,000 zuwa 13,000 ne a shekara, waɗanda suka zo kuwa sun ninka haka sau da yawa. Wannan kuskure ya fi yawan baƙin kansa ɓata wa mutane rai, don daga nan suka daina yarda da duk lissafin da gwamnati ta kawo. Garin Boston a Lincolnshire, cibiyar noman kabeji da sauran ganyaye, shi ya fi ko'ina yawan 'yan gabashin Turai gwargwadon jama'arsa a ƙidayar 2011, shi ne kuma ya fi ko'ina zaɓar ficewa a ƙuri'ar raba gardama ta 2016, fiye da kashi 75. An fita, aka daina shigowa ba biza a ƙarshen 2020, amma an gudu ba a tsira ba. 'Yan Turai suka ragu, na Asiya da Afirka suka ƙaru, har rarar masu shigowa a kan masu fita ta haura 900,000 a shekara guda a wajajen 2023.

Shin baƙi suna karya albashi? Kwamitin da ke ba gwamnati shawara kan ƙaura ya duba wannan a 2018, ya ce a dunƙule tasirin kaɗan ne ko babu, sai dai yana ɗan taɓa masu ƙaramin albashi yana ɗan amfanar manya. Wani nazari na babban bankin Ingila a 2015 ya ƙiyasta cewa in kason baƙi a ƙananan ayyukan hidima ya ƙaru da maki goma cikin ɗari, albashi na sauka da wajen kashi biyu. Kaɗan ne a takarda. Amma wanda ke ƙasan ba takarda yake gani ba, yana ganin layin likita ya yi tsawo, haya ta tashi, gidan maƙwabci ya koma na mutum goma sha biyu, a wurin aiki kuma an ɗaga adadin da ake so kowa ya yi a awa saboda sababbin zuwa ba sa musu. Harajin da baƙin ke biya yana tafiya baitulmali a Landan, cunkoson kuwa a unguwarsa yake. Ƙorafinsa yana da tushe, inda ya kai shi ne ba daidai ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Kada kuma a ɗauka duk ƙasar kallo ɗaya take yi. A binciken King's College ɗin nan, masu cewa in aiki ya yi ƙaranci a fifita ɗan ƙasa sun sauko daga kusan biyu cikin uku a 2009 zuwa ƙasa da ɗaya cikin uku a 2022. In aka tambayi mutane ko a rage baƙi, da yawa za su ce a rage. In aka bi sana'a-sana'a, likita, nas, mai kula da tsofaffi, mai tsinkar 'ya'yan itace, sai ka ga yawancinsu ba sa son a taɓa ko ɗaya. Zafin yanzu ya fi karkata kan masu tsallako teku daga Faransa a kwale-kwalen roba, wajen 45,000 a 2022, waɗanda ba su kai ko kusa da masu shigowa da biza ba. Su masu neman mafaka doka ce ta hana su aiki, sai wanda ya shekara yana jiran hukunci, shi ma a wasu sana'o'i ƙalilan. An hana mutum aiki, an ajiye shi a otal, sannan ana zaginsa da cima-zaune. A tarzomar bazarar 2024, bayan kisan yara a Southport da ƙaryar da aka yaɗa a kan wanda ya yi, an far wa masallaci a Southport ɗin, da otal-otal ɗin masu neman mafaka a Rotherham da Tamworth. Mai jifa ba ya tambayar irin bizar da ke aljihunka.

Wanda zai je aiki, ga abin da ya fi jawo matsala. Lokaci ba wasa ba ne, minti biyar na latti ana rubutawa. In ba ka da lafiya ka kira kafin lokacin fara aiki, kwana bakwai na farko bakinka ya isa, bayan nan sai da takardar likita. Shiru ba kira shi ne laifin da ba a yafewa. Haƙƙinka kuwa daidai yake da na ɗan ƙasa: hutun kwana 28 a shekara da albashi ga mai aikin kwana biyar a mako, hutun minti 20 in aiki ya wuce awa shida, awa 11 tsakanin tashi da komawa, kuma ba a tilasta maka wuce awa 48 a mako a matsakaicin lissafi. Akwai takardar yafe wannan iyaka da ake cusa wa sababbi cikin tarin takardun ranar farko. Sa hannu a kanta ganin dama ne, ana kuma iya janyewa da sanarwa. Ka riƙa rubuta awanninka a littafinka kana gwadawa da takardar albashi. Lokacin tafiya daga gidan wannan tsoho zuwa na wancan yana cikin lokacin aiki wajen lissafin mafi ƙarancin albashi, kuɗin kayan aiki da aka cire maka kuma bai halatta ya saukar da kai ƙasa da shi ba.

Saɓani da abokan aiki 'yan ƙasa yawanci ba daga launin fata yake farawa ba. Yana farawa ne ranar da sabon zuwa ya ƙi fita hutun rabin rana don ya burge manaja, ya karɓi duk aikin daren da wasu suka ƙi, ya tsaya bayan tashi ba a biya shi ba. Shi yana ganin ladabi ne da riƙon amana. Su suna ganin yana rusa abin da ƙungiyoyin ƙwadago suka shekara ɗari suna faɗa a kai, kuma gobe da shi za a auna su. Yabon da manaja zai yi maka a gabansu, wai ku kun fi yaranmu aiki, ba alheri ba ne gare ka, bulala ce ya ara da sunanka. Shiga ƙungiya irin Unison ko GMB ko Unite halal ne ga mai biza, hukumar sasanci ta ACAS kuma tana ba da shawara kyauta. Wa'adin kai ƙara kotun ma'aikata gajere ne, 'yan watanni ne kawai, mai jira sai ya bar kamfanin tukuna yakan tarar lokaci ya wuce.

Abin da ke ɗaure baƙo da gaske shi ne bizar da ke rataye da kamfani ɗaya. In aka sallame ka ko aka soke lasisin kamfanin, yawanci kwana 60 ake ba ka ka samu wani mai ɗaukar nauyi ko ka bar ƙasar. Ɗalibi awa 20 ke gare shi a mako lokacin karatu, ƙetare ta na iya cin bizarsa, kamfanin da ya ɗauki wanda ba shi da izinin aiki kuma tararsa ta kai fam 45,000 a kan mutum ɗaya tun daga Fabrairun 2024. Ƙofofin ma sun ƙara tsukewa. Tun Maris 2024 mai bizar kula da tsofaffi ba ya zuwa da iyali, a ranar 22 ga Yulin 2025 kuma aka rufe ɗaukar sababbi daga waje a wannan aiki gaba ɗaya, aka ɗaga albashin da ake nema a bizar ƙwararru zuwa fam 41,700 a shekara. Don haka dillalin da ya ce zai samo maka takardar aikin kula da tsofaffi daga Kano ko Kumasi, abin da babu shi yake sayarwa. A sauran ayyukan, gwamnatin Birtaniya tana wallafa sunayen duk kamfanonin da ke da lasisin ɗaukar nauyi a shafinta na intanet, a duba sunan kamfanin a can kafin a biya ko sisi, sannan a kira shi ta lambar da ke shafinsa, ba wadda dillali ya bayar ba.